Sunan Rakiya a Gidan Bikin Kare

Ku 'ya'yana, na ji abin da ake faɗa a Maigatari, na kuma san kun ji. Ana cewa ubanku ya raɗa wa 'yarsa suna a bikin kare. Ana cewa ragon kare aka yanka mata. Maganar farko akwai gaskiya a ciki. Ta biyu ƙarya ce. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Auwalu ne ke rubuta wannan ina faɗa masa, na kuma ce kada ya gyara mini magana. Rakiya, ke na fi yi wa, don ke ake kira Sukari a bakin famfo, ki dawo gida kina kuka. Ki karanta, ki daina kukan.

Na daɗe a Riyad ina aiki wurin wani Balarabe, Abu Nawaf. Shi ne kafilina, wato sunansa ne a kan iƙamata, takardar zamana a ƙasar, in ya ce zauna in zauna, in ya ce tafi in tafi. Ba mugu ba ne. Ba kuma zan ce muku waliyyi ne ba. Yana da istiraha a gabas, bayan Nasim, inda gari ya fara ƙarewa. Fili ne mai doguwar katanga, da ciyawa, da tanti, da ɗakuna biyu, inda iyalinsa ke zuwa shan iska. Ni ke gadi, ni ke ban ruwa, ni ke yanka in za a ci nama, in direban gida ya yi nisa ni ke tuƙi. Uwarku Hajara ta zo umara ta ƙi komawa. Na ce ta koma, ta ce ta gaji da auren waya. Ku manyan kuna wurin kakarku a lokacin. Na kama mata ɗaki a Ud, tsohuwar unguwa kusa da Batha, bayan maƙabarta, inda mutanenmu suke. Ba ta da takarda ko ɗaya.

Shekarar ce aka matsa kamen marasa takarda. Motar jawazat, jami'an shige da fice, ta shigo lungu da safe, ta shigo da yamma. Mai tuwon da muke ci wurinsa ya rufe ya ɓace. Mutane suka daina tsayuwa a ƙofar masallaci bayan salla, ana sallama kowa ya kama gabansa kamar an yi faɗa. In aka buga ƙofa sai ka leƙa kafin ka buɗe. A cikin wannan hali aka haife ki, ranar Alhamis da hantsi, a kan katifa, a hannun Hajiya Dije, tsohuwar unguwarzomar da ta karɓi rabin 'ya'yan Hausawan Ud. Asibiti ba ya yiwuwa. Ni kuwa a wannan sa'a ina tsaye a filin jirgi ina jiran kare. Lama, 'yar Abu Nawaf, ta dawo karatu daga Turai, ta sa an aiko mata kwikwiyo. Aka miƙo mini shi a keji, fari fat, gashi kamar auduga, bai fi tafin hannuna biyu ba. Aka haɗa mini da wani ɗan littafi. Fasfonsa ne, da hotonsa a ciki, da hatimi. Ina riƙe da shi wayata ta yi ƙara, Hajiya Dije ta ce an sauka lafiya, mace ce. Na dubi fasfon nan, na sa a aljihu. Ban yi dariya ba, ban yi kuka ba. Na ɗauki keji na nufi mota.

Uwar Abu Nawaf tana raye a lokacin, kowa Jadda yake ce mata, wato kaka. Ta ce kare ba zai kwana a gidan da take salla ba. Aka yi rigima, tsohuwa ta ci. Shi ya sa aka kai shi istiraha, aka ce ni zan kula da shi. Lama ta sa masa suna Sukkar. Ta ce za ta yi masa hafla, wato bikin maraba, Alhamis mai zuwa bayan magariba, ƙawayenta duk za su zo.

"Ya Saleh, komai ya zama fari da ruwan hoda," ta ce da ni. "Baba ya ce a yanka raguna biyu. Kuma aikin ya fi ƙarfinka kai kaɗai. Ka nemo 'yan ƙasarku, mata su yi girki, maza su kafa tanti."

Na ce to. Alhamis mai zuwa kuwa ita ce ranar sunanki.

Makon nan ban zauna ba. Ina istiraha hankalina na Ud, ina Ud hankalina na istiraha. In taso da safe in dama wa kwikwiyo abincinsa na gwangwani, in kunna masa esi, in ja mota in ratsa Nasim da Malaz in leƙa mai jego, in juyo kafin a neme ni. Na bi mazajen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi mini barka, kowa ya ce ba zai zo taro ba. Wani ya ce mutum biyar a ɗaki ɗaya yanzu cikin mota ɗaya ne na jawazat. Ban ga laifinsu ba. Malam Buhari, wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatun addini a jami'a, shi ke yi mana limanci in mun taru, ya ce in raɗa miki suna a kunne, rago a yanka duk ran da Allah ya kawo sauƙi, addini bai matsa ba. Na kai wa uwarku wannan magana. Tana zaune tana shan kunun kanwa. Ta ajiye kofin.

"Malam, 'ya'yana uku duk an yanka musu, an yi musu aski, an faɗi sunansu a gaban jama'a. Wannan me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Gari ne ba lafiya."

"In ta girma aka tambaye ta wa ya shaida sunanta, ta ce wa? Bango?"

Hajiya Dije tana gefe tana gasa miki cibi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sale, mace ta bar gida, ta haihu a wata ƙasa, ba rago, ba shaidu. Kai ka san abin da za a kira yarinyar nan a garinku. Kada ka sa in faɗa da bakina."

Na sani. Na tashi na fita.

Na koma istiraha na yi ta zagaya ciyawa. Kwikwiyon nan yana bina yana cizon bakin wandona. In ture shi ya dawo. Na wanke wando a makon nan har hannuna ya yi fari. Lama kuwa kullum da abin da za ta aiko: balan-balan a kwalaye, ƙyallaye, fitilu, wani allo mai rubutun Turanci, 'yan huluna na takarda. Ranar Talata ina zaune ina hura balan-balan, kaina na sarawa, na ɗaga ido na dubi katangar. Doguwa ce, ƙofar ƙarfe ce. Duk shekarun da na yi a wurin, ɗan sanda bai taɓa buga ta ba. Ba a buga ƙofar ɗan ƙasa. An kuma ce in kawo mutanena. Baƙi ba za su zo ba sai bayan magariba. Safiya gaba ɗaya babu kowa. Na saki balan-balan ɗin da ke bakina ya tashi yana fito, kare ya bi shi da gudu, ni kuma na nemi makullin mota.

Na samu Malam Buhari a bakin ɗakin kwanansu. Na gaya masa a tsaye cewa a istiraha za mu yi sunan, da safe.

"Baba Sale, ka san abin da kake faɗa kuwa? Gidan mutum, ba da izninsa ba."

"An ce in kawo ma'aikata. Za ku yi aiki. Kana gama addu'a za ka kama igiyar tanti."

"In aka kama ni a nan, karatuna ya ƙare."

"Na sani. Ni ma nawa ya ƙare."

Ya murza gemu. Ya ce, "Kuma akwai kare a ciki. Ba zan buɗe addu'a a inda mala'iku ba sa shiga ba."

"Za a fitar da shi."

"Ragon fa? In na mai gida ne, ba suna aka yi ba, sata aka yi."

"Nawa ne."

Laraba na je kasuwar tumaki. An ce in sayo biyu, na sayo uku. Na ukun da guminа na saye shi, na ɗaura masa jar igiya a wuya tun a kasuwa, na ɗaure shi nesa da sauran. Ku riƙe wannan. Duk wanda ya ce muku ragon kare ne, ku tambaye shi ko yana wurin.

Alhamis bayan asuba na ɗauki babbar motar gida na je Ud. Mazan da ke da iƙama, da suka ji a gidan Balarabe za a yi, sun yarda, har sun riga sun tafi a motar wani mai aikin gini. Na ɗauki mata: uwarku, Hajiya Dije, da wasu biyu masu girki, duk cikin baƙar abaya da niƙabi. Ke kina cinyar uwarki a ƙarƙashin mayafi. Bayan mota cike da sauran balan-balan, kujerar gaba kuma kek ne a kwali, an yi shi da siffar ƙashi. Na san abu ɗaya a garin nan: babbar mota, baƙin direba, mata a rufe a baya, iyalin Balarabe ne, ba a leƙa su. Da wannan na dogara. Muna fita Malaz muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya ɗaga hannu. Na miƙa iƙama, ya duba, ya leƙa kwalin.

"Wannan mene ne?"

"Kek ne. Hafla za a yi a istirahar kafilina."

"Ta wa?"

"Ta kare."

Ya dube ni. Na zaro fasfon Sukkar na miƙa masa. Ya buɗe, ya ga hoton, ya kira abokinsa, suka yi ta dariya, ɗaya yana cewa duniya ta zo ƙarshe. A daidai nan kika motsa kika yi ɗan ƙara. Hajiya Dije ta kama balan-balan ɗaya ta murza shi da yatsa, ya yi ƙiiƙ. Ɗan sandan ya jefo mini fasfon ya ce yalla, mu wuce. Na taka totur, muka wuce Nasim.

Mun isa rana ta fara ɗagawa. Malam Buhari ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga sai an fitar da kare. Na sa shi a keji, na sa kejin a mota, na fitar da motar wajen katanga, na bar injin a kunne da esi. Zafin garin nan yana kashe babban mutum a mota, balle wannan abu. In ya mutu na mutu. Don haka ranar sunan 'yata ban zauna a kan tabarma ba. In shigo in gaisa da mutane, in fita in leƙa gilashi in ga yana numfashi, in dawo. Wanzam Idi, wanda wanzami ne a gida amma a can siminti yake kwaɓawa, ya ce, "Sale, kai uban yarinya ne ko uban kare? Ka zaɓi ɗaya mu san wa za mu yi wa barka." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na kawo ragona mai jar igiya, na kwantar da shi ya fuskanci alƙibla, na gaya wa Malam sunan a kunne, sunan uwata. Na yanka da hannuna. Malam ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce an samu Rakiya, Allah ya raya ta. Aka shafa fatiha. Hajiya Dije ta cusa fuska a matashin kujera ta rangaɗa guɗa a ciki, don kada maƙwabta su ji. Uwarku na zaune hawaye na zuba, ba ta share ba.

Sai mata suka ce a yi hoto a aika gida, don gida su gani da idonsu. Suka duba wurin da ya fi kyau. Ƙofar balan-balan ce da na haɗa, fari da ruwan hoda, da allon nan a sama. Babu mai karanta Turanci a cikinmu sai Malam, shi kuma yana bayan ɗaki yana wanke hannu. A jikin allon akwai zanen sawun kare. Matan sun ɗauka fure ne. Ni na san ba fure ba ne, amma a lokacin ina waje ina leƙa gilashi.

Ina tsaye a nan wata mota ta tsaya a bayana. Direban gida ne, wani ɗan Sudan, ya buɗe ƙofar baya. Jadda ta sauko da sandarta. Ta rantse ba za ta taka wurin ba, amma ta tuna dardumanta na salla da butocin gahawarta suna ciki, ta zo ta kwashe kafin kare ya lashe su. Ta dubi motar da ke kunne, ta dubi kejin.

"Ya Saleh, wa ya kori karen waje?"

"Ni ne, Jadda."

"Saboda me?"

"Addu'a muke yi."

Ta ture ƙofa da sanda ta shiga. Kowa ya daskare. Mutum biyu har sun kai bakin katangar baya suna neman wurin taka ƙafa. Wanzam Idi na tsugune da aska a hannu, kanki rabi a aske rabi da gashi. Tsohuwa ta bi kowa da kallo, ta tsaya a kanki.

"'Yar wa?"

"Tawa ce. Yau kwana bakwai."

"Uwar tana da iƙama?"

Na sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai. Ta nuna ragon da ake feɗewa.

"Wancan na ɗana ne?"

"Na ɗanki ga su can a ɗaure, biyu. Wannan nawa ne."

Ba ta yarda da bakina ba. Ta taka har inda suke, ta taɓa kowanne da sanda, ta dawo. Ta ce da Wanzam, "Kai, ƙarasa. Za ka bar ta rabi ne?" Idi ya ƙarasa. Ta sa aka kawo mata kujera, ta ce a ba ta ke. Uwarku ta dube ni, na ce ba ta. Ta zaro dabino daga jakarta, ta tauna, ta shafa miki a dasashi. Ta tambayi sunan, na faɗa, ta maimaita shi irin nasu, Ruƙayya, ta yi miki addu'a doguwa. Sannan ta miƙa ki, ta dogara sanda ta tashi.

"Ni ba na ɓoye wa ɗana komai," ta ce. "Da la'asar zan gaya masa. In kana da hankali ka riga ni."

Ta sa ɗan Sudan ya kwashe dardumai da butoci, ta tafi.

Na mayar da ke da uwarki Ud, da naman ragonki a ledoji, aka bi ƙofa-ƙofa aka raba. Ko tsoka ɗaya ba ta shiga tukunyar hafla ba. Bayan azahar na samu Abu Nawaf a majalisarsa. Na tsaya na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya ajiye kofin shayi. Fuskarsa ta yi ja.

"Ka san da an kama su a filina, ni za a ɗaure?"

"Na sani."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da ka ce a'a."

Ya ce, "Ƙwarai da na ce a'a." Ya ce in je in gama wa 'yarsa haflarta, kada ta ji komai. Ba zai kira kowa ba. Amma ƙarshen wata ni da matata da jaririyar za mu bar ƙasar, shi zai kai mu inda ake yi wa irinmu takardar fita, kuma ba dawowa. Ban roƙe shi ba. Na ce na gode, na fita.

An yi hafla. Mutanena sun yi aikinsu kamar yadda na ce, Malam Buhari da kansa ya ja igiyar tanti har tafinsa ya sale. Bayan magariba motoci suka cika bakin ƙofa. Aka kunna fitilu. Lama ta sa ni na ɗauko Sukkar a kan matashi, da 'yar hular takarda a kansa, na ratsa ta ƙofar balan-balan ɗin nan, 'yan mata na tafi suna ɗaukar hoto. Aka sa masa kek a gaba, ya shinshina ya ƙi. Ya tsorata da hayaniya, ya yi fitsari a kan kafet, ya ratsa ƙafafun mutane ya zo ya kama bakin wandona. Lama ta ce, "Dubi yadda yake son Saleh." Na tsaya da tire a hannu na bar shi yana ja. Bai yi mini laifi ba. Ba don shi ba ma da ba a buɗe mana ƙofar nan ba.

Hoton ya riga mu isa Maigatari. Wani malamin firamare ya karanta rubutun allon, ya ce maraba ake yi wa Sukkar, ya kuma gane sawun. Ɗaya daga masu girkin ta ƙara da bakinta a waya. Kafin mu sauka gari ya ɗauka. Kakanku na wajen uwa ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Aikin da na rasa ban sake samun irinsa ba, kun ga yadda muka yi, gona da ɗan tebur a kasuwa. Auwalu ya bar makaranta a kan haka, ga shi nan yana rubutawa, bai taɓa faɗa mini ba amma na sani. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ba ni kaɗai na biya ba. An sha tambayata ko na yi nadama. In aka mayar da ni Talatar nan da balan-balan a bakina, makullin motar zan sake nema.

Rakiya, an yi miki ba'a, amma babu wanda ya taɓa tambayar wane ne ubanki. Abin da na je nema ke nan. An faɗi sunanki da ƙarfi a gaban Malam Buhari, da Wanzam Idi, da Hajiya Dije, da maza da mata da suka sa wuyansu don su ji shi, da wata tsohuwar Balarabiya da ta sa aka kore mu bayan ta sa miki dabino a baki. Jar igiyar tana ƙasan akwatin uwarki, ki ce ta nuna miki. Gobe in kin je famfo suka ce miki Sukari, kada ki yi kuka, kada ki yi zagi. Ki ce musu Sukari kare ne, kuma ranar yana waje a cikin mota. Ke ce a ciki.